JAGORA GA MAI SHIRIN JARRABAWAR GUDANAR DA AYYUKA

1. Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa yin 'yar tafiya a cikin ƙasar nan ya ga ginin da aka kai linta aka watsar har ciyawa ta rufe shi. Ya ga rijiyar burtsatse da aka haƙa ba a ɗaura mata famfo ba, ya kuma ga hanyar da aka zuba wa tsakuwa, aka kwashe motocin aiki tun ba a shimfiɗa kwalta ba. A shekarar 2011 wani kwamiti da Gwamnatin Tarayya ta naɗa a ƙarƙashin jagorancin Ibrahim Bunu ya ba da rahoton cewa akwai ayyukan tarayya 11,886 da aka fara ba a kammala ba, kuma kammala su zai ci fiye da naira tiriliyan 7.

Dalilan wannan asara suna da yawa. Akwai ƙarancin kuɗi, akwai sauyin shugabanni, akwai kuma rashin riƙon amana. Amma akwai wani dalili guda wanda ilmi yake maganinsa, watau fara aiki ba tare da an san iyakarsa, da kwanakin da zai ɗauka, da abin da zai ci ba. Sanin waɗannan abubuwa sana'a ce mai zaman kanta, ana koyonta, ana yin jarrabawa a kanta, ana ba da takardar shaida.

Manufar wannan ɗan littafi ita ce a nuna wa mai karatu, namiji ko mace, yadda zai shirya wa jarrabawar farko ta wannan sana'a. An rubuta shi domin matashin da ya gama makaranta, da ƙaramin ma'aikacin ofis, da ɗan kwangila, da ma'aikacin ƙungiyar taimakon jama'a. Babban abin da ake so mai karatu ya riƙe shi ne, wannan jarrabawa tana auna yadda mutum zai yi hukunci idan wani al'amari ya taso a tsakiyar aiki. Saboda haka hadda kaɗai ba ta isa. Wajibi ne kowace ƙa'ida da mutum ya karanta ya gwada ta a kan wani aiki da ya sani da idonsa.

2. Abin da ake nufi da aiki mai wa'adi

A wannan fanni an raba aiki gida biyu. Akwai aikin yau da kullum, kamar biyan albashi a ƙarshen kowane wata, ko sayar da magani a asibiti. Irin wannan ba shi da ranar ƙarewa. Akwai kuma aiki mai wa'adi, wanda yake da ranar farawa da ranar gamawa, kuma a ƙarshensa ana samun wani abu da babu shi a da. Gina ajujuwa biyu a makarantar firamare aiki ne mai wa'adi. Koyarwa a cikin ajujuwan aikin yau da kullum ne. Wanda aka ɗora wa nauyin kai aiki mai wa'adi ga ƙarshensa shi ake kira manajan aiki.

Abubuwa uku ne suke jan manajan aiki a koyaushe: iyakar aikin, da lokaci, da kuɗi. Ukun nan a ɗaure suke da juna. In aka ƙara aji na uku, lalle kuɗi ko kwanaki su ƙaru. In aka rage kuɗi aka ce a gama a rana ɗaya da wadda aka sa tun farko, to ko dai a rage girman aikin, ko kuwa ingancinsa ya faɗi. Tambayoyi masu yawa a jarrabawar suna komawa ga wannan ƙa'ida.

3. Jarrabawar da masu shirya ta

Jarrabawar masu farawa da ta yi suna a duniya ita ce CAPM. Wata cibiya mai suna PMI ce take shirya ta. An kafa cibiyar a Amurka a shekarar 1969, hedkwatarta tana jihar Fensilbaniya. Ita ce kuma take shirya babbar jarrabawar PMP, wadda aka fara a 1984, amma wannan sai wanda ya yi shekaru yana jan ragamar ayyuka. An fito da CAPM a 2003 domin wanda bai kai ga haka ba.

Sharuɗɗan shiga biyu ne: takardar shaidar gama sakandare ko makamanciyarta, da shaidar cewa mutum ya yi karatun wannan fanni na awa 23 kafin ranar jarrabawa. Ba a neman shaidar cewa ya taɓa riƙe wani aiki.

Bisa tsarin da aka fara aiki da shi a 2023, jarrabawar tana da tambayoyi 150, ana ba da awa 3. Daga cikinsu 135 ne ake ba wa maki. Sauran 15 na gwaji ne, ana auna su domin jarrabawar gaba, kuma babu alamar da za ta nuna wa mutum su, don haka kowace tambaya sai a ɗauke ta da muhimmanci. Bayan tambaya ta 75 akwai hutun minti 10, kuma wanda ya fita hutu ba ya iya komawa ga tambayoyin da ya wuce. An kasa tambayoyin kashi huɗu:

(a) Tushen gudanar da ayyuka da manyan ƙa'idojinsa: kashi 36 cikin ɗari.
(b) Tsarin da ake shirya kome tun daga farko: kashi 17 cikin ɗari.
(c) Tsarin da ake yin aiki zango-zango: kashi 20 cikin ɗari.
(d) Binciken buƙatun masu aiki: kashi 27 cikin ɗari.

Cibiyar takan sabunta wannan tsari lokaci lokaci. Saboda haka abu na farko da mai shiri zai yi shi ne ya nemo takardar manhajar jarrabawar daga shafin PMI na intanet, kyauta ake samunta, ya tabbatar da abin da ake yi a shekarar da zai zauna. Babban littafin cibiyar shi ne PMBOK, wanda aka fara bugawa a 1996, bugu na bakwai ya fito a 2021. Littafi ne mai amfani ƙwarai, amma tambayoyin ba daga cikinsa kaɗai suke fitowa ba. Manhajar ita ce ma'auni.

Akwai wata jarrabawar masu farawa da ta samo asali daga Ingila, watau matakin farko na PRINCE2, mai tambayoyi 60 cikin awa ɗaya. A nan gida kuma, a 2018 aka yi dokar kafa cibiyar manajojin ayyuka ta Nijeriya, CIPMN, wadda aka ɗora wa kula da wannan sana'a a cikin ƙasa. Yana da kyau mutum ya duba wace takarda ce ma'aikatar da yake so ya yi wa aiki take nema kafin ya kashe kuɗinsa. Bayanin da ke biye ya shafi CAPM ne.

4. Kashi na farko: tushen sana'a

Wannan kashi shi ne mafi girma, kuma yawancinsa sanin ma'anar kalmomi ne da bambancin da ke tsakaninsu. Bari mu ɗauki ginin ajujuwa biyu a wani ƙauye ya zama misalinmu har ƙarshen littafin.

Mai ɗaukar nauyin aiki shi ne wanda ya ba da kuɗi da izini, alal misali ƙaramar hukuma. Shi ne yake sa hannu a takardar izinin fara aiki, wadda take faɗin dalilin aikin, ta kuma ba manaja ikon amfani da kuɗi da ma'aikata. Masu ruwa da tsaki su ne duk waɗanda aikin ya shafa ko suke iya shafarsa: hedimasta, da dagaci, da iyayen yara, da maƙwabcin da za a bi ta gonarsa da motar yashi. Manajan da ya manta da wannan maƙwabci yana iya wayar gari ya tarar an tare masa hanya.

Dole ne a rarrabe tsakanin kasada da matsala. Kasada abu ne da yake iya aukuwa amma bai auku ba tukuna, kamar a ce farashin siminti yana iya tashi. Matsala ita ce wadda ta riga ta auku. Kowace tana da rajistarta dabam. Hanyoyin tarar kasada sun haɗa da kauce mata ɗungum, da rage ƙarfinta, da ɗora ta a kan wani kamar kamfanin inshora, da karɓarta tare da ajiye kuɗin ko-ta-kwana.

Har wa yau akwai lissafin hanyoyin sadarwa. Idan mutane suna aiki tare, ana ninka yawansu da yawansu ban da ɗaya, a raba biyu. Mutum 6 suna da hanyoyi 15 a tsakaninsu. Mutum 10 suna da 45. Wannan ya nuna dalilin da ya sa magana take ɓacewa idan ma'aikata suka ƙaru ba a tsara wanda zai sanar da wane ba.

Cibiyar tana kuma da ƙa'idar ɗa'a mai ginshiƙai huɗu: ɗaukar alhaki, da girmama mutane, da adalci, da gaskiya. Duk tambayar da ta zo a kan kyautar ɗan kwangila, ko ɓoye wa mai aiki labarin jinkiri, amsarta tana cikin waɗannan huɗu.

5. Kashi na biyu: shirya kome tun daga farko

Wannan tsari shi ya dace da aikin da aka san kamanninsa tun kafin a fara, kamar gini ko hanya. Matakin farko shi ne a daddatsa aikin gunduwa-gunduwa har a kai ga yankin da za a iya ƙiyasta kwanakinsa da kuɗinsa. A takardar jarrabawa ana rubuta wannan da haruffa WBS. Duk abin da bai shiga cikinsa ba, ba ya cikin aikin.

Sa'an nan a jera gunduwoyin bisa wanda yake jiran wani. Ga na ajujuwanmu:

A. Share fili da auna shi: kwana 3.
B. Haƙa harsashi da zuba kankare: kwana 7, bayan A.
C. Ginin bango: kwana 14, bayan B.
D. Ɗora rufi: kwana 6, bayan C.
E. Haɗa ƙofofi da tagogi a wurin mai walda: kwana 10, bayan A.
F. Ɗaura ƙofofi, filasta da fenti: kwana 8, bayan D da E.

Hanyoyi biyu ne daga farko zuwa ƙarshe. Ta ɗaya ta bi A, B, C, D, F, jimla kwana 38. Ta biyu ta bi A, E, F, jimla kwana 21. Hanya mafi tsawo ita ce take yanke ranar gama aiki, watau kwana 38, kuma ita ce ƙashin bayan jadawalin. In birkila ya yi jinkirin kwana ɗaya, aikin duka ya yi jinkirin kwana ɗaya. Amma mai walda yana da rarar kwana 17. Ko ya makara da mako biyu, ranar buɗe ajujuwa ba ta motsa ba. Manajan da ya san haka ya san inda zai tsaya da ƙafarsa. An fito da wannan dabara a Amurka a ƙarshen shekarun 1950, kuma kusan babu jarrabawar wannan fanni da ba ta tambayarta.

Daga ina aka sami kwana 14 na ginin bango? Ana tambayar magini ƙiyasi uku: in kome ya tafi daidai, kwana 10, bisa al'ada, kwana 13, in abubuwa suka cije, kwana 22. Sai a ninka na tsakiya sau huɗu, a haɗa da sauran biyun, a raba shida. Watau 10 da 52 da 22 sun zama 84, a raba shida, 14 ke nan. Sunan wannan lissafi PERT.

Abu na gaba shi ne auna aiki da kuɗi a tsakiyar tafiya. A ce kasafin ajujuwan naira miliyan 30 ne. A yau, bisa jadawali, ya kamata a ce an gama rabi, watau aikin naira miliyan 15. Wannan shi ne PV. Da aka je aka duba, kashi 40 cikin ɗari aka gama, watau aikin naira miliyan 12. Wannan shi ne EV. Akanta kuma ya ce an kashe naira miliyan 16; wannan shi ne AC.

In aka raba EV da AC, 12 a raba da 16, an sami 0.75. Wannan shi ne CPI, ma'anarsa kowace naira ɗaya da aka kashe aikin kwabo 75 ta yi. In aka raba EV da PV, 12 a raba da 15, an sami 0.8. Wannan shi ne SPI, yana nuna aikin yana baya. Duk lokacin da ɗayansu ya gaza 1, akwai gyara. In kuma aka ci gaba da kashe kuɗi a haka, sai a raba kasafin da CPI, 30 a raba da 0.75, aikin zai ƙare a kan naira miliyan 40. Manajan da ya yi wannan lissafi zai sanar da mai aiki tun bango bai kai linta ba, lokacin da gyara yake da sauƙi.

6. Kashi na uku: yin aiki zango-zango

Akwai aikin da ba a iya sanin kamanninsa duka tun farko, kamar shirya manhajar kwamfuta ta biyan haraji. Sai masu amfani sun taɓa ta sannan su san abin da suke so. A shekarar 2001 wasu masana 17 suka taru a jihar Yuta ta Amurka suka fitar da wata sanarwa a kan irin wannan aiki, daga nan sunan Ajayil ya bazu. Manufarsa ita ce a yi ɗan yanki mai amfani, a nuna wa mai aiki, a ji ra'ayinsa, a gyara, sa'an nan a ci gaba.

Tsarin da aka fi tambaya a kansa shi ne Scrum. Ana raba aiki zango-zango, kowane zango bai wuce wata ɗaya ba. Akwai wakilin mai aiki, wanda yake riƙe da jerin abubuwan da ake so, shi kaɗai kuma yake da ikon cewa wannan ya riga wancan. Akwai masu yin aikin, su suke yanke yawan abin da za su iya ɗauka a zango. Akwai mai kula da tsari, wanda aikinsa kawar da cikas ne da koya wa jama'a ƙa'ida. Ba ya raba wa kowa aiki. Kowace rana masu aikin suna ganawa ta minti 15. A ƙarshen zango ana zama biyu: ɗaya domin nuna abin da aka yi, ɗaya domin duba yadda aka yi aikin da abin da za a gyara.

Akwai kuma Kanban, wanda ya samo asali daga masana'antar motocin Toyota a Japan. Allo ne mai layuka, ana matsar da kowane aiki daga layin jira zuwa layin yi zuwa layin gamawa, kuma ana ƙayyade yawan aikin da za a riƙe a lokaci ɗaya.

Abin da jarrabawa take so a nan shi ne mutum ya san tsarin da ya dace da kowane aiki. Ba a zuba harsashin gada a ce za a gyara shi a zango na gaba. Haka kuma ba a rufe ƙofa shekara guda ana shirya manhaja ba tare da mai amfani ya gani ba. Wani aikin kuma yakan haɗa tsarin biyu.

7. Kashi na huɗu: binciken buƙatu

Masu shiri da yawa sukan raina wannan kashi, alhali ya fi rubu'in jarrabawar. Aikin mai binciken buƙatu shi ne ya gano ainihin abin da ake bukata kafin a kashe kwabo. A ce hedimasta ya nemi ajujuwa biyu domin yara suna ƙin zuwa makaranta. Da aka zauna da iyaye sai aka gano cewa 'yan mata suna tsayawa gida ne saboda babu ruwa da makewayi. In aka gina ajujuwan kawai, an gama aiki a kan lokaci da kasafi, amma buƙata tana nan.

Hanyoyin tattara buƙatu sun haɗa da hira da mutum ɗaya ɗaya, da taron tattaunawa, da takardar tambayoyi, da zuwa a ga yadda ake aiki da ido, da yin samfuri a nuna. Bayan an tattara sai a jera su bisa muhimmanci: wanda ba makawa, da wanda ya kamata, da wanda in an samu to, da wanda za a bari sai gaba. Kowace buƙata ana rubuta mata sharaɗin karɓa, watau abin da za a gani a yarda an biya ta. Ana kuma ajiye jadawalin bin sawu, wanda yake nuna wanda ya nemi kowace buƙata, da inda aka yi ta, da gwajin da ya tabbatar da ita.

8. Yadda tambaya take zuwa

Ga misalin irin tambayar da za a tarar. Ana cikin ginin bango sai wani babba a garin ya ce wa manaja a ƙara ofishin hedimasta. Me manaja zai fara yi? (a) Ya umarci magina su fara, domin mai maganar babba ne. (b) Ya ƙi, domin ba ya cikin shiri. (c) Ya rubuta buƙatar, ya auna abin da za ta ƙara na kuɗi da kwanaki, ya miƙa wa masu ikon yarda da canji. (d) Ya ɗebi kuɗin ko-ta-kwana ya yi aikin.

Amsa ita ce (c). Ta farko tana kumbura aiki ba da izini ba. Ta biyu ta yanke hukuncin da ba na manaja ba ne. Ta huɗu ta taɓa kuɗin da aka ajiye domin kasada. A lura da kalmar "fara" a cikin tambayar. Sau da yawa amsoshi biyu suna da kyau, amma ɗaya ce take zuwa da farko. A ƙa'ida, ana bincike kafin a ɗauki mataki, ana duba abin da shiri ya tanada, ana kuma magana da wanda abin ya shafa kafin a kai ƙara sama.

9. Jadawalin mako goma sha biyu

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai aikin ofis da zai iya ware awa ɗaya da rabi kowace rana yana iya bin wannan tsari:

Mako na 1 zuwa na 3: a yi karatun awa 23 a wurin masu koyarwa da aka amince da su, a karɓi takardar shaida a adana.
Mako na 4 da na 5: kashi na farko.
Mako na 6 da na 7: kashi na biyu, tare da yin lissafi da hannu kowace rana.
Mako na 8: kashi na uku.
Mako na 9 da na 10: kashi na huɗu.
Mako na 11 da na 12: jarrabawar gwaji cikakkiya, aƙalla sau uku, da bitar kurakurai.

Tun da yake ba a yin jarrabawar da Hausa, mai shiri ya tanadi littafin rubutu guda domin kalmomi. A kowane shafi ya rubuta kalmar Turanci, da ma'anarta da Hausa cikin kalmominsa, da misali ɗaya daga aikin da ya sani, ko da ginin ɗakinsa ne ko shirin bikin ƙanwarsa. Kalmar da mutum ya kasa ba ta misali bai fahimce ta ba tukuna.

Ya tanadi littafi na biyu domin kurakurai. Duk tambayar gwaji da ya faɗi, ya rubuta dalili: rashin sanin ƙa'ida ne, ko rashin fahimtar Turancin, ko gaggawa. Kowane dalili maganinsa dabam. Haka kuma karatu tare da abokai biyu ko uku yana da amfani, musamman in kowa zai ɗauki darasi ya koyar da sauran.

Jarrabawar gwaji a yi ta da agogo, a zaune wuri ɗaya, waya a kashe. Minti 180 a kan tambayoyi 150 ya kama daƙiƙa 72 ga kowace tambaya. Cibiyar ba ta bayyana makin da ake ci da shi, saboda haka kada a dogara da wani adadi da aka ji a bakin mutane. Abin nema shi ne mutum ya ga yana samun yawancin amsoshi a kowane kashi na huɗun, sau da yawa a jere.

10. Rajista da ranar jarrabawa

Ana cika fam a shafin PMI. A rubuta suna daidai da yadda yake a katin shaida na hukuma mai hoto da sa hannu, domin bambancin suna yana iya hana mutum shiga. Cibiyar takan zaɓi wasu masu nema ta ce su kawo takardunsu a tantance, don haka kada a rubuta abin da ba za a iya nunawa ba. Da dalar Amurka ake ƙayyade kuɗin jarrabawa, kuma ɗan ƙungiya yana biyan ƙasa da wanda ba ɗan ƙungiya ba. A lissafa duka biyun kafin a biya. Bayan an amince, mutum yana da shekara ɗaya, kuma yana iya zama har sau uku a cikinta, kowane zama da kuɗinsa.

Ana yin jarrabawar a kan kwamfuta, ko dai a cibiyar jarrabawa ta kamfanin Pearson VUE, ko a gida ana kallon mutum ta kyamara. Wanda ba shi da tabbacin wutar lantarki da intanet na awa uku cur, da ɗakin da ba mai shigowa, gara ya tafi cibiya. Ya isa da rabin awa kafin lokaci. Ba a rage maki saboda amsar kuskure, don haka kada a bar tambaya ba amsa. Wadda ta yi wuya a zaɓi amsa mafi kusa, a sa mata alama, a dawo mata kafin hutu.

11. Gargaɗi

Akwai masu tallan cewa suna da ainihin tambayoyin jarrabawa, akwai kuma masu cewa za su zauna a madadin mutum. A guje su. Wanda aka kama ana soke sakamakonsa, ana iya kuma hana shi sake zama, ga asarar kuɗi da zubewar mutunci. Wanda ma ba a kama ba, ranar da aka miƙa masa aiki na gaske za a gane, gama ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Haka kuma kada a ɗauka takardar ita kaɗai za ta ba mutum aiki. Shaida ce cewa ya san harshen sana'ar da ƙa'idojinta. Ƙwarewa sai a fagen aiki. Takardar tana aiki shekara uku, ana sabunta ta da shaidar ƙarin karatu na awa 15.

12. Kammalawa

Mai karatu ya ɗauki shirin jarrabawar nan a matsayin aikinsa na farko mai wa'adi. Ya rubuta iyakarsa, watau manhajar. Ya sa ranar gamawa. Ya yi kasafin kuɗin karatu da na rajista da na mota. Ya rubuta kasadar da yake hange, kamar ɗaukewar wuta ko yawan aikin ofis, da abin da zai yi in ta auku. Kowace ranar Asabar ya auna abin da ya karanta da abin da ya shirya karantawa, in ya ga yana baya ya gyara tun da wuri. Wanda ya yi haka na mako goma sha biyu zai shiga ɗakin jarrabawa da sanin abin da ya riga ya aikata da hannunsa, kuma irinsa ƙasar nan take bukata a kan kowane ginin makaranta da asibiti da hanya.

In ka gama karanta wannan ɗan littafi, ka miƙa wa wani ya karanta.